Tambayoyinku kan waya da kwamfuta: Na makara neman gurbin likitanci, wace jami'a zan nufa?

Saƙonnin da suka shigo makon nan kusan duk na neman gurbin jami'a ne, kuma fiye da rabinsu na masu son karatun likita. Na tsamo biyar. Wanda ya turo saƙon murya na minti tara, ya yi haƙuri ya rubuto.

Tambaya: Malam, in na shiga shafin JAMB a wayata zan duba gurbi, sai in ga an yi mini maraba da sunana, daga nan sai farin shafi. Ko an rufe mini ne? Daga wani ɗalibi a Kwangila.

Amsa: Ba wanda ya rufe maka komai. Shafin CAPS, wato tsarin da JAMB ke bayar da gurbin karatu ta cikinsa, an gina shi ne don faɗin fuskar kwamfuta. A Chrome, taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka zaɓi "Desktop site", jerin zai bayyana a gefen hagu. Ka buɗa da yatsu biyu ka karanta.

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na ci 248 a JAMB, kuma likita nake so in zama. ABU na sa a zaɓi na farko, amma wayata ta lalace, ban ga sanarwar jarrabawar tantancewa ba sai da aka rufe. Yanzu an turo mana a wani zauren WhatsApp jerin jami'o'i goma sha biyu da aka ce har yanzu suna karɓa, da makin da kowace ke nema. Wani kuma a zauren ya ce yana da hanya, in tura naira dubu 150 da bayanan shiga shafina, zai riƙe mini gurbi. Wace zan zaɓa a cikin jerin? Daga wata ɗaliba a Tudun Wada.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, ajiye wayar nan tukuna, kada ki tura wa kowa ko sisi, ki karanta har ƙarshe.

Wannan jerin naku na san shi, domin an turo mini irinsa fiye da sau ashirin. Hoton allon waya ne da aka ɗauka daga wani hoton, har rubutun ya dushe. Ba kwanan wata, ba sunan wanda ya rubuta, a samansa kuma ga alamar WhatsApp ta cewa an yi ta tura shi hannu zuwa hannu. Ke da kika zauna kika haddace sunayen ƙasusuwan jikin mutum, kika ci 248, ita ce za ta ɗora shekara shida na rayuwarta a kan hoton da ba ta san ubansa ba? Ku yaran nan in za ku sayi abaya sai kun zagaye kasuwar Sabon Gari sau biyu kuna taɓa yadi, amma jami'a sai ku zaɓa da tsallen kwaɗo. Abin yana damuna ƙwarai.

Shi kuwa mai hanya, ɓarawo ne. Tun 2017 JAMB ta shigo da CAPS, kuma duk gurbin da bai bi ta nan ba hukumar ba ta san da zamansa ba. Jami'a ce ke miƙa suna, JAMB ta amince, ke kuma ki danna karɓa ko ƙi da hannunki. Babu wani lungu a wannan tsarin da mutumin WhatsApp zai tsaya ya riƙe wa wani kujera. Kuɗin ma da sauƙi a kan abu na biyu da ya nema. In ya samu imel ɗinki da kalmar sirrinki, zai iya shiga ya danna miki karɓar kwas ɗin da ba ki so, ko ya canza kalmar ya ce sai kin biya ya sakar miki. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Na ga irin wannan da idona a kan ɗan yayata. Ya je wani shagon kwamfuta yin rajista, layi ya yi tsawo, janareta na tari, mai shagon na ta sauri. Da aka tambaye shi imel ya ce ya manta, sai yaron shago ya ce ba komai, ya sa nasa. Aka rubuta masa kalmar sirri a bayan wata 'yar takardar rasit, ya cusa a aljihun riga, rigar ta tafi wanki. Wata huɗu bayan haka muka tsaya ni da shi a ƙofar shagon da kwaɗo a jiki, maƙwabci ya ce ai sun tashi. Sai da muka yi sati uku muna zarya kafin yaron ya sake ganin shafinsa. Tun daga ranar ba na gajiya da faɗa: imel naka, layi naka, kalmar sirri a littafi a gida.

To, yanzu ga yadda ake zaɓen. Wanda ya makara ba ya tambayar wace jami'a ta fi suna. Tambayarsa ta farko, ina ne ƙofa take a buɗe yau? Wannan kuwa shafin jami'ar kaɗai ke iya faɗa miki. Adireshin mafi yawan jami'o'in ƙasar nan yana ƙarewa da edu.ng, na hukumomin gwamnati da gov.ng. Na Bayero buk.edu.ng ne, na Usmanu Ɗanfodiyo udusok.edu.ng, na jami'ar jihar Kaduna kasu.edu.ng, na Maiduguri unimaid.edu.ng. Ki duba abin da ya zo dab kafin karkataccen layin farko (/) a adireshin, ban da na https://, shi ne ainihin mai gidan. In kin ga sunan jami'a a gaba amma ƙarshen wani abu ne daban, kin shiga gidan wani. Dabarar da nake amfani da ita kullum ita ce, a Google ki rubuta, misali, site:buk.edu.ng, ki ba da tazara, ki rubuta post utme, wato jarrabawar tantancewa. Ba zai kawo miki komai ba sai daga cikin shafin jami'ar. Sannan ki duba shekarar da ke kan sanarwar, domin sanarwar bara da ta bana kamar tagwaye suke, kuma tsohuwar ba ta barin intanet.

In kin tace waɗanda ke buɗe, sai ki wuce shafin MDCN, majalisar da ke kula da aikin likitoci da likitocin haƙori a Nijeriya. Ita ke tantance makarantun likitanci, ita ke yanka wa kowace adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma tana bambanta mai cikakkiyar tantancewa da wadda ba ta kai can ba tukuna. Mutane da yawa ba su san wannan ba, sai su ɗauka duk inda aka rubuta MBBS, wato digirin likitanci, a allo an gama magana. Sabuwar tsangaya mai sauƙin shiga tana iya sa ki jira a tsakiyar karatu in tantancewarta ta yi jinkiri. Ban ce ki guje wa sababbi ba, kowace babba da ƙarama ta fara, tsangayar likitanci ta ABU ma a 1967 aka buɗe ta, shekara biyar bayan kafa jami'ar. Na ce ki shiga da idonki a buɗe. Wannan adadin da ake yankawa kuma shi ne dalilin da ya sa makin da jami'a ta sanar don shiga jarrabawar tantancewa ba shi ne makin samun likitanci ba. Dubbai ne ke tsallake na farkon, kujerun kuwa ƙidayayyu ne. Duk lambar da ke cikin jerin naku ba ta gaya miki wannan ba.

Sai batun jiha, wanda ba ki ambata ba a wasiƙarki, alhali yana iya fin maki goma nauyi. Jami'o'in tarayya suna raba gurabe kashi 45 cikin ɗari bisa cancanta zalla, kashi 35 ga jihohin da ke yankin jami'ar, kashi 20 ga jihohin da aka lissafa a matsayin masu ƙarancin ci gaban ilimi. Jami'ar jiha kuwa 'ya'yanta take fara dubawa, kuma sau da yawa kuɗin baƙo ya fi na ɗan gida. In ke 'yar Kaduna ce, ki fara leƙa KASU, wadda ɗalibanta ke koyon aiki a asibitin Barau Dikko, sannan Kano da Sakkwato da Bauchi, kafin ki fara tunanin inda ba ki da kowa kuma jiharki ba ta cikin lissafinsu. Ki kuma karanta sharaɗin sakamakon sakandare. Kiredit biyar ake so, Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, kuma makarantun likitanci da dama a zama ɗaya suke so, ba haɗin WAEC da NECO ba. In naki haɗi ne, wasu ƙofofin sun rufe tun kafin ki ƙwanƙwasa.

Ki buɗe jadawali a Google Sheets, ko ki ja layi a littafi, duk ɗaya ne a wurina muddin an rubuta. Sunan jami'a, ranar rufewa, matsayin tantancewa, zama ɗaya ko biyu, kuɗin shekara, wa za ki sauka wurinsa, da ranar da kika duba. Wannan na ƙarshen kada ki bar shi. Za ki ga goma sha biyun nan sun koma biyu ko uku. A cikinsu ki ɗauki wadda jiharki ta fi ƙarfi, kuma iyayenki za su iya ɗaukar nauyinta shekara shida ba tare da an sayar da gona ba.

Daga nan ki je cibiyar CBT, wato cibiyar jarrabawa ta kwamfuta, da JAMB ta amince da ita, da kanki, ki yi canjin jami'a, domin mafi yawansu ba sa kallon wanda bai sa su a zaɓi na farko ba. Ki tsaya a bayan mai kwamfutar ki karanta allon kafin ya danna, ki karɓi takardar da aka buga. A nan kuma ki tabbatar an ɗora sakamakon sakandarenki a CAPS, domin in babu shi ko an so ba ki gurbi ba zai wuce ba. Kada ki canza sai kin ga da idonki cewa sabuwar jami'ar tana karɓar masu canji, in ba haka ba kin saki reshe kin kama ganye.

Zan gaya miki abin da zan gaya wa ƙanwata ta ciki ɗaya. Da 248 da makara, likitanci bana zai yi wuya, ko da yake ba a cire rai da rahamar Allah. Sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, don haka ki yanke shawara tun yanzu a kan abin da za ki yi in bai samu ba. Ko ki karɓi haɗa magunguna, ko jinya, ko kimiyyar gwaje-gwajen asibiti, ki so shi don kansa. Ko ki yi IJMB, karatun share fagen shiga jami'a, wanda ABU ce ma ke kula da shi, ki nemi shiga aji biyu kai tsaye. Ko ki sake zama baɗi da shiri. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce miki ki shiga wani kwas kawai, za a mayar da ke likitanci daga baya. Sai kin ga ƙa'idar a rubuce daga jami'ar.

Tambaya: Ina ɗora hotona a fom, sai a ce ya yi nauyi. Daga wani ɗalibi a Samaru.

Amsa: Kyamarar wayarka na fitar da hoto mai megabait uku ko huɗu, fom kuma kilobait kaɗan yake so. Yanke gefen hoton, ka tura wa kanka a WhatsApp, ka sauke wanda ya iso, ya riga ya matse. In bai isa ba ka maimaita. Kuma hoton fasfo aka ce, ba na ranar Sallah da tabarau ba.

Tambaya: Malam, ɗana bai samu gurbi a gida ba. Wani ejan ya nuna mini bidiyon wata jami'a a ƙasar waje, ya ce babu jarrabawa, a biya kawai. Ta yaya zan gane ta gaskiya ce? Daga wani mahaifi a Ƙofar Doka.

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara girma. Bidiyo ba hujja ba ne, yaro mai waya ɗaya zai haɗa muku wanda ya fi shi kyau kafin la'asar. Ku sa a buɗe muku World Directory of Medical Schools, kundin makarantun likitanci na duniya, kyauta ne, a rubuta sunan makarantar da ƙasar. In ba ta ciki, an gama magana. In tana ciki, ku ɗauki adireshin imel daga shafinta na ainihi, ba wanda ejan ya ba ku ba, ku tambaye su ko sun san shi, kuɗin makaranta kuma a asusun makaranta ake biya. Ku sani cewa duk wanda ya karanta likita a waje sai ya ci jarrabawar MDCN kafin ya taɓa majinyaci a nan, don haka ku tuntuɓi majalisar kafin ku biya, ba bayan shekara shida ba. Ku kuma tuna da yaranmu da yaƙi ya koro daga Yukren a 2022 da Sudan a 2023, yadda suka sha wahalar neman takardunsu. Duk takardar da za a ba shi can, ya ɗauki hotonta ya ajiye a Google Drive, ya turo muku kwafi.

Tambaya: Layin da na yi rajistar JAMB da shi ya ɓace. In sa na mamata? Daga wata ɗaliba a Wusasa.

Amsa: A'a. Layin da kika tura NIN da shi zuwa 55019 shi JAMB ta sani, kuma ta nan saƙonninta ke zuwa. Ki je ofishin kamfanin layin da takardar NIN ɗinki a dawo miki da shi gobe da safe, kafin ya daɗe a kwance su sayar wa wani.