Ƙwarona masu cin darɓa sun ƙi yin ƙwai, me zan ba su?

Tambaya: Malam, ina da lambun wake da kuɓewa a wajen Kwakwaci. Na tara ƙwarin nan masu ɗigo-ɗigo a baya, masu cin darɓa, ina kiwonsu a roba don in rage feshi. Zuma nake shafa musu a auduga. Sati uku ke nan suna raye, amma ko ƙwai ɗaya babu.

Amsa: Ɗan'uwa, zumarka ba ta yi laifi ba, ka dai ɗora mata aikin da ba nata ba. Abincin wannan ƙwaro kashi biyu ne: wanda zai riƙe masa rai, da wanda zai sa mace ta yi ƙwai, tsutsa kuma ta girma. Zuma da ruwan sukari na kashin farko ne. Ƙwai kuwa sai da nama, naman kuma shi ne darɓar.

Irin da ka fi samu a lambunan Kano jinsin Cheilomenes ne, kuma baƙar darɓar wake tana karɓarsu sosai. Shuka wake a tukwane, sabuwar tukunya kowane mako, ka sa masa darɓa, don kada abinci ya yanke. Amma ka rufe tukwanen da gidan sauro. Wannan darɓar ce ke ɗaukar cutar da ta durƙusar da gyaɗar Arewa a 1975, kada garin neman gira ka rasa ido.

Ba kowace darɓa ake ba su ba, nan ne masu kiwo suka fi yin kuskure. Rawayar da ke lulluɓe tumfafiya tana da ban sha'awa, ga ta a kowane kango, kyauta. Sai dai ta tsotsi gubar tumfafiyar ta adana a jikinta, tsutsar da ta ci takan tsumbure ko ta mutu. Ta kabeji mai toka-toka ma ban cika so ba.

Masu kiwo da yawa a Turai sun fi dogara da ƙwan wani asu mai ɓata fulawa, Ephestia, wanda ake daskarar da shi a firji don kada ya ƙyanƙyashe. Yana aiki, tsada ce matsalarsa. Atemiya, wato ƙwan wani ɗan mitsitsin jatan lande na ruwan gishiri da masu ƙyanƙyasar tarwaɗa ke saya, shi ma an gwada, wasu nau'o'in suna girma a kansa in an haɗa da garin fure, wato ƙurar nan da ƙudan zuma ke kwasa a cikin fure, amma bai kai ƙwan asun ba. Haɗin hanta da gwaiduwa da yis kuwa, a zafin Afrilu kafin la'asar ya ruɓe, ni ba zan ba ka shawararsa ba.

Da ka ga ƙwai rawaya a jere ƙarƙashin ganye, cire ganyen zuwa wata roba, don iyayen na cinye shi. Tsutsotsin ma in yunwa ta kama su junansu suke ci, musamman a mataki na huɗu, na ƙarshe, lokacin da cinsu ya fi yawa. Rage cunkoso, ka cusa takarda a nannaɗe su sami maɓoya.

In kana son gwada wani abinci, ware tsutsa ashirin a kansa, ashirin a kan darɓar wake. Ƙirga nawa suka zama ƙwaro, sannan ka jira ka ga ko ƙwan da suka yi ya ƙyanƙyashe. Audugar zumar kuma bar ta a robar, suna shan ruwa a jikinta.