Ku Tambayi Kawu: Na kai wa ƙwallon golf duka na sami iska

TAMBAYA: Salamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya kai da iyali. Ni ma'aikaci ne a nan Birnin Kebbi, watan jiya anka tura mu kwas Kaduna, ranar Asabar ogana ya ce in raka shi filin golf. To ni na ɗauka abin wasan yara ne, ƙwallo ajiye ƙasa ba ta motsi, ba gola ba mai tare ka, sai da anka miƙo min sanda, wallahi Kawu na kai duka iya ƙarfina iska na samu, na sake na kwaso ƙasa, yaran da ke ɗaukar jaka sai ƙunshe dariya suke. Amma tun da na dawo abin na raina. Yanzu wani ya kawo min jakar sanduna ta hannu, cikakkiya, kuɗin sun kusa albashina na wata biyu. In saya? Kuma mi zan fara koyo tunda ba kullum nake samun zuwa Kaduna ba?
Mai karatu, Birnin Kebbi

AMSA: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Jakar nan dai ka bar wa mai ita abinsa tukuna. Dokar wasa ta yarda mutum ya ɗauki sanda har 14, amma ba ta ce dole sai 14 ba, kuma sabon shiga in ka ba shi su duka ma da wuya ya ji bambancinsu a hannu, duk wuri ɗaya za su kai masa ƙwallon, in ma sun kai ke nan. Abin da kake buƙata yanzu guda biyu ne ko uku: sandar ƙarfe mai lamba 7, da fota wato wadda ake gangara ƙwallo da ita zuwa rami, in da hali ka ƙara weji ɗaya na ɗaga ƙwallo a gajeren zango. Ka roƙi ogan naka ya haɗa ka da kocin kulob ɗinsu, a wurinsu ake samun na hannu ɗai-ɗai, kuma zai duba tsayinka ya ba ka wadda ta dace. Ita kuwa doguwar nan mai ƙaton kai da ake ce wa direba, wadda na tabbata ita ta fi ɗaukar maka ido, ita ce mafi tsawo kuma mafi gardama a jakar, a bar ta sai gaba.

Kada ka ga kamar ina rage maka hanya ne saboda aljihu. Seve Ballesteros ɗan ƙasar Sifen da sanda ɗaya tak ya koya, ƙarfe mai lamba 3, yana yaro yana buga ta a yashin bakin teku a garinsu Pedreña, kuma shi ne ya zo ya ci gasar British Open a 1979 yana ɗan shekara 22.

Iskar da ka buga kuma ba ƙarfi ne ya yi maka kaɗan ba, yawa ya yi. Ka lura da manomin da ya iya fartanya, ba ya ɗaure jiki, nauyin ƙarfen yake bari ya sauka inda ido ya nufa, shi ya sa yake wuni a gona, ɗan birni kuwa minti goma ya fara haki. Kai da ka cije ka ɗaga kafaɗa, jikinka ya miƙe sama kafin sanda ta iso, sai ta wuce ta kan ƙwallon. Karo na biyu ka ce bari in duƙa, sai ka tono ƙasa.

Fara da riƙo. In kai na-dama ne, hannun hagu ne a sama, kuma sandar a cikin yatsu take kwanciya ba a tsakiyar tafi ba, babban yatsan hagu ya kwanta a jikinta, hannun dama ya zo ƙasa ya rufe wannan yatsan, hannuwan biyu manne ba tazara. Shi ya sa za ka ga safar hannu ɗaya kawai suke sawa, ta hagu, ba wai ɗayar ta ɓata ba ce. Buɗe ƙafa daidai faɗin kafaɗa, sassauta gwiwa kaɗan, duƙa daga ƙugu bayanka a miƙe, hannuwa su sauko da kansu, ƙwallo wajen tsakiyar ƙafafunka. Kada ka ɗaga sanda har ƙeya a farkon nan, kai ta daidai ƙugu ta baya, ka sako ta ta wuce zuwa daidai ƙugu ta gaba, ka ƙare nauyinka a kan ƙafar hagu cibiyarka na kallon inda ka nufa.

Ga abin da ya fi wahalar shiga kan mutane, har da waɗanda suka daɗe suna yi: ba kai za ka ɗaga ƙwallo sama ba. Fuskar sandar a kishingiɗe aka ƙera ta, ita ke ɗagawa, kuma iya girman lamba iya kishingiɗar, shi ya sa lamba 9 ke tashi sama ta sauka kusa, lamba 5 ta tafi ƙasa-ƙasa ta yi nisa. Naka shi ne ka bugi ƙwallo tukuna sannan sanda ta shafi ƙasa a gabanta. Wannan ko ƙwallo ba ka buƙata wajen koyonsa. Nemi wuri mai yashi, ja layi da tsinke, tsaya layin na tsakanin ƙafafunka, ka yi ta kai duka kana duba inda sanda ta fara cin yashi. In bayan layi take ci, da sauranka. Ranar da ka ga sawun yana farawa daga kan layi ya yi gaba, sau goma a jere, to ɗora ƙwallo ka ga ikon Allah. Amma don Allah ban da fako, ƙasarmu ta rani in sanda ta dake ta har gwiwar hannu za ka ji, ga lalata sandar. In a gida ne shimfiɗa tsohon kafet, ka nemi ƙwallayen roba na gwaji, don ta gasken tauri gare ta kamar dutse, tana fasa gilashin mota tana fasa kai, kada ka kuskura ka buga ta a filin makaranta yara na wucewa.

Fota kuma a falo ma ana koyonta. Faɗin ramin santimita 10.8 ne, kwantar da kofi a kan kafet ka tsaya taku biyu, in ta fara shiga ka ƙara taku. Mutane na raina wannan, alhali a lissafin fili mai rami 18 da aka yanka wa bugu 72 an ware bugu biyu na fota a kowane rami, 36 ke nan, rabin wasan cur.

Duk sanda ka shiga Kaduna ka biya koci ya tsaya a kanka ko na awa ɗaya ne, ka sa a ɗauke ka bidiyo da waya ka dawo da shi gida. Su kuma yaran nan da suka yi maka dariya ka ja su a jiki, ƙwararrun 'yan golf da dama a ƙasar nan daga ɗaukar jaka suka taso, sau da yawa kedin, wato mai ɗaukar jakar, ya fi Alhajin da yake bi iya wasan nesa ba kusa ba. Sai maganar rana, ka san zafin Kebbi a watan Maris da Afrilu yana haura digiri 40, gwajinka ya zama bayan Asuba ko bayan La'asar. Da damina kuma da ka ji tsawa ajiye ƙarfen nan ka nemi ɗaki.

TAMBAYA: Kawu ina kallon wasan ga a talabijin amma lissafin ya ɗaure min kai, na ga mai -8 shi anka ba kofi, mai +2 yana can ƙasa. Ƙaƙa abin yake?
Ɗalibi, Jega

AMSA: Ɗana, a golf mai ƙarancin bugu shi ne gwani. Fili cikakke rami 18 ne, kowane rami an yanka masa adadin bugun da ya kamata ƙwararre ya yi, 3 ko 4 ko 5 gwargwadon nisansa, shi ake kira par, in an tara yawanci 72 ne ko kusa da haka. Mai -8 ya rage bugu takwas daga abin da aka yanka, mai +2 ya ƙara biyu. Ka kuma faɗa wa na Birnin Kebbi, dukan da ya kai ya sami iska, a wasa na gaske shi ma bugu ɗaya za a rubuta masa tunda da niyya ya kai.

TAMBAYA: Kawu barka da aiki. An yi wa maigidana canjin aiki zuwa Abuja, yana so mu riƙa zuwa filin golf tare don likita ya ce in riƙa tafiyar ƙafa. Mata na yi kuwa? Kuma shigar fa?
Uwargida, Argungu

AMSA: Hajiya suna yi sosai, manyan kulob irin na IBB da ke Abuja duk suna da ɓangaren mata, har wurin fara bugu na gaba-gaba ake da shi wanda ke rage nisan rami. Tafiya kam za ki sha ta, zagaye rami 18 ya kan ci awa huɗu da kilomita shida ko fiye, don haka ki fara da rami 9. Shiga kuma dogon wando mai sakewa da riga mai dogon hannu da ƙaramin hijabi da zai tsaya a kafaɗa, don babban zai riƙa kama miki hannu wajen juyawa, shi ma maigidan babbar riga da jamfa sai dai su jira shi a mota. Kowane kulob da tasa dokar tufafin, ku kira ku tambaya kafin ku je. Takalmi mai faɗin ƙasa, da gorar ruwa, in kuma kin ji an ƙwala ihu an ce "fo!" kada ki ɗaga kai neman mai kira, ƙwallo ce ta nufo wajenki, duƙa ki rufe kai da hannu.