Kai kaya ranar Lahadi a Amurka: amsoshin tambayoyinku kan sayayya ta intanet

Wasiƙun wannan makon duk daga 'yan'uwanmu mazauna Amurka suka fito, kuma sun taru a kan abu ɗaya, wato kwalin da ake ajiyewa a ƙofar gida ranar Lahadi. Na zaɓi guda huɗu, na taƙaita su ba tare da na sauya ma'anarsu ba.

Tambaya ta farko: "Assalamu alaikum. Ban daɗe da zuwa ƙasar nan ba. Ranar Lahadin da ta wuce, wata farar mota mai tambarin gidan waya ta tsaya a ƙofarmu, direban ya ajiye kwalin kayan da na saya ya wuce, alhali an gaya mini gidan waya ba ya aiki ranar Lahadi. Shin hakan daidai ne, ko akwai abin da ya kamata in yi hattara da shi?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Ki kwantar da hankalinki, domin wanda ya gaya miki gidan waya ba ya aiki ranar Lahadi bai yi ƙarya ba, kuma direban da kika gani ma aikinsa yake yi. Wasiƙu na yau da kullum ba a raba su ranar Lahadi, amma kayan sayayya ana kai su tun watan Nuwamba na 2013, lokacin da kamfanin Amazon mai sayar da kaya ta intanet da hukumar gidan waya ta Amurka suka ƙulla yarjejeniya a kan haka. An fara ne da yankunan Niyok da Los Anjeles, sannan a 2014 aka faɗaɗa zuwa wasu birane irin su Dalas da Hustan.

Tarihin abin ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne zai nuna miki dalilin da ya sa aka kai ga haka. A 1810 majalisar dokokin Amurka ta wajabta wa gidajen waya su riƙa ba mutane saƙonninsu har ranar Lahadi, malaman coci suka daɗe suna adawa da hakan, sai a 1912 aka rufe gidajen waya a wannan rana. Bayan kimanin shekara ɗari, intanet ta cinye kasuwar wasiƙu. A 2001 hukumar ta yi jigilar wasiƙu na ajin farko, wato irin na yau da kullum, sama da biliyan 100, amma yanzu abin da take ɗauka bai kai rabin haka ba. A shekarar kuɗi ta 2012 ta yi asarar dala biliyan 15.9, wadda mafi yawanta ta samo asali ne daga wata doka ta 2006 da ta tilasta mata ta riƙa ajiye kuɗin kula da lafiyar ma'aikatan da za su yi ritaya tun kafin lokacin ya zo. Matsin ya yi tsanani har shugaban hukumar na lokacin, Patrick Donahoe, ya ba da sanarwa a watan Fabrairu na 2013 cewa za a daina raba wasiƙu ranar Asabar. Majalisa ba ta yarda ba, aka janye shirin a watan Afrilu. Hukumar da ta nemi rage rana ɗaya a farkon shekara, ita ce ta ƙara rana ɗaya kafin shekarar ta ƙare, domin ta gane cewa abincinta ya tashi daga ambulan ya koma cikin kwali.

Alƙaluman hukumar ƙidaya ta Amurka sun tabbatar da wannan sauyi. A ƙarshen 1999 sayayya ta intanet ba ta kai kashi 1 cikin 100 na cinikin sayar da kaya ga jama'a ba. A 2013 ta kai kusan kashi 6, sannan a tsakiyar 2020, lokacin kullen annobar korona, ta haura zuwa wajen kashi 16. Wannan yawan shi ne asirin lamarin. Mafi tsadar ɓangare a jigilar kaya shi ne zangon ƙarshe, daga rumbun unguwa zuwa ƙofar gida, kuma fitar da mota ranar Lahadi saboda kwali biyar asara ce, amma idan kwali ɗari biyu ne a tituna masu maƙwabtaka da juna, kuɗin mai da albashin direba sun fito. Shi ya sa kamfanonin jigila na FedEx da UPS suka shiga kai kaya gidaje ranar Lahadi a farkon 2020, shi ya sa kuma FedEx ya rage wannan aiki a 2022 a yankunan karkara inda gidaje ke nesa da juna.

Abin da za ki yi hattara da shi yana cikin wayarki. 'Yan damfara suna aiko da saƙon tes da sunan gidan waya, su ce an kasa kawo kayanki saboda adireshi bai cika ba, ki latsa wani mahaɗi ki biya ɗan kuɗi kaɗan. Kada ki latsa. Ki kwafi lambar bibiyar kayan daga rasiɗinki, ki duba ta da kanki a manhajar da kika yi sayayyar.

Tambaya ta biyu: "Ni magidanci ne, ina aiki daga Litinin zuwa Asabar, ranar Lahadi kaɗai nake wuni a gida. Abokaina suna ta ba ni shawara in yi rajistar Prime don a riƙa kawo mini kaya da sauri har ranar Lahadi. Shin kuɗin ya cancanta?"

Malam, amsar tana cikin tarihin sayayyarka, kuma minti goma sun isa ka fito da ita. Lokacin da Amazon ya ƙaddamar da Prime a 2005, wato rajistar da ake biya don a riƙa kawo wa mutum kaya da sauri ba tare da kuɗin aike ba, kuɗinsa dala 79 ne a shekara. Ya koma 99 a 2014, ya koma 119 a 2018, sannan ya kai 139 a 2022. Wanda ya zaɓi biyan wata-wata a kan dala 14.99 kuwa, kafin shekara ta zagayo ya biya kusan dala 180, kuma mutane da yawa ba sa lura da wannan bambanci na kusan dala 41 saboda kuɗin yana fita ne kaɗan-kaɗan.

Ka buɗe jerin odar da ka yi cikin wata goma sha biyu da suka wuce, ka ƙidaya su. Ka cire duk wadda kuɗinta ya kai adadin da ake kawo kaya kyauta ko da mutum ba shi da rajista. Sauran da suka rage, ka tambayi kanka nawa ne daga cikinsu jinkirin kwana huɗu ko biyar zai cutar da kai da gaske. A ce, don misali kawai, kuɗin aike dala 7 ne a kowace oda: sai ka yi oda wajen ashirin irin wannan a shekara kafin dala 139 ta dawo aljihunka. Gidan da ke da jarirai, ko mara lafiya, ko wanda ke nesa da manyan kantuna, zai iya wuce wannan adadi cikin sauƙi, kuma a wurinsu rajistar tana da amfani na zahiri. Wanda odarsa ba ta wuce shida ko takwas a shekara ba, shawarata ita ce ya riƙe kuɗinsa.

Akwai kuma abin da lissafin nan ba ya nunawa, wanda shi ne ya fi damuna. Da zarar mutum ya biya kuɗin shekara, zuciyarsa takan raya masa cewa kowace oda riba ce, sai ya fara sayen abin da da can zai jira ya ga ko yana buƙatarsa. Kuɗin aike da kwanakin jira sukan zama birki ga mai saye, kuma kamfani ya san abin da yake yi da ya cire su. Idan ka yi rajistar, ka ɗora wa kanka ƙa'idar barin kaya su kwana a kwandon sayayya kafin ka biya, in ba abin gaggawa ba ne.

Ka lura kuma cewa buƙatarka ta gaskiya ita ce a kawo kaya lokacin da kake gida, kuma ana iya biyan wannan buƙata ba tare da an sayi sauri ba. Akwai akwatunan ajiya masu buɗewa da lambar sirri, waɗanda Amazon ya fara kafawa tun 2011 a kantuna da tashoshin mai, kuma sauran kamfanonin jigila suna da wuraren karɓar kaya da za ka biya ta kansu a hanyarka ta dawowa daga aiki. Idan kuwa za ka gwada rajistar kyauta ta ɗan lokaci, ka rubuta ranar ƙarewarta a kalanda. Hukumar kula da cinikayya ta tarayya ta kai Amazon ƙara a 2023 bisa zargin shigar da mutane Prime ba da cikakken saninsu ba da kuma wahalar da su wajen fita, kuma a watan Satumba na 2025 kamfanin ya amince ya biya dala biliyan 2.5 don sasanta shari'ar.

Tambaya ta uku: "Manhaja ta nuna an kawo mini kaya ranar Lahadi da yamma, amma na dawo ban tarar da komai ba. Mene ne haƙƙina?"

Ɗan'uwa, ka fara da bincike kafin ƙorafi. Ka duba hoton da direba ya ɗauka, in akwai, ka ga ko launin ƙofar da lambar gidan naka ne. Idan gidan waya ne ya kawo, ka leƙa akwatin wasiƙunka, domin a dokar Amurka su kaɗai ke da izinin saka abu a ciki, kuma a gidajen haya masu akwatuna a jere sukan bar maka ɗan makulli wanda ke buɗe babban akwatin da kayan ke ciki. Ka tambayi maƙwabta da ofishin masu kula da ginin. Wani lokaci ana danna alamar isarwa kafin kayan su iso, don haka ka ba su zuwa washegari.

Idan ba su fito ba, wanda ya sayar maka shi za ka nema a rubuce, domin da shi ka yi ciniki, shi kuma ya ɗauki mai jigilar. Ƙa'idar tarayya ta ce dole mai sayarwa ya tura kaya cikin lokacin da ya yi alkawari, ko cikin kwana 30 idan bai ambaci lokaci ba, in kuwa ya kasa, ya sanar da kai ya ba ka damar soke cinikin a mayar maka da kuɗinka. Idan da katin bashi ka biya, doka ta ba ka kwana 60 daga ranar da aka aiko maka da takardar lissafin da cajin ya bayyana a ciki don ka rubuta wa banki kana ƙalubalantar kuɗin kayan da ba su zo ba. Wannan ne ya sa na fi son a biya kaya masu tsada da katin bashi, a kuma nemi sai an sa hannu kafin a miƙa su.

Tambaya ta huɗu: "Raina ba ya kwanciya idan na ga direba yana ɗauke da kayana ranar da kowa ke hutawa da iyalinsa. Shin ina da laifi a cikin wahalarsa? Ya kamata in daina zaɓar Lahadi?"

Hajiya, Allah Ya saka miki da alheri da wannan tunani, domin ba kowa ne ke tuna cewa akwai mutum a bayan kwalin ba. Damuwarki tana da tushe. A gidan waya, aikin Lahadi ya fi faɗawa a kan ƙananan ma'aikata da masu cike gurbi, waɗanda ba su kai matsayin zaɓar ranakun hutunsu ba. Tsofaffin fararen motocin nan masu sitiyari a hannun dama, waɗanda aka ƙera tsakanin 1987 da 1994, ba su da na'urar sanyaya iska, kuma a cikinsu direba ke wuni a tsakiyar zafin bazara.

Maganar ta kai har Kotun Ƙoli. Gerald Groff, wani mai raba saƙonni a karkarar jihar Fensilbaniya, Kirista ne mai kiyaye Lahadi a matsayin ranar ibada. Da aikin kai kayan Amazon ya iso ofishinsu ya ƙi fita a ranar, aka riƙa ladabtar da shi har ya ajiye aiki a 2019 ya shigar da ƙara. A ranar 29 ga Yuni, 2023, alƙalan tara duka suka yanke cewa mai ba da aiki ba zai ƙi sassauta wa ma'aikaci saboda addininsa ba don kawai hakan zai jawo masa 'yar ɗawainiya, sai ya nuna cewa nauyin mai girma ne idan aka auna shi da harkar kasuwancinsa. Hukuncin bai taƙaita ga Kirista ba, ya shafi Musulmin da ke neman lokacin sallar Juma'a da Bayahuden da ke kiyaye Asabar. Wasu ƙasashe kuma sun ɗauki wata hanya dabam: a Jamus kundin tsarin mulki ne ya kare Lahadi a matsayin ranar hutu, har an hana manyan motocin kaya masu nauyin sama da tan 7.5 hawa titi a mafi yawan sa'o'in ranar, in ban da waɗanda doka ta keɓe ko masu izini na musamman.

A ganina ba ki da laifi idan buƙata ce ta sa, kamar magani ko kayan aikin da ake jira ranar Litinin, kuma akwai direbobin da aikin ƙarshen mako shi ne ya dace da karatunsu ko wani aikin nasu. Abin da ke hannunki shi ne rage zirga-zirgar da ba ta da dalili. Ki haɗa sayayyarki ta mako a oda ɗaya maimakon biyar, ki zaɓi jigila ta yau da kullum idan ba gaggawa, ki yi amfani da zaɓin da ke ba ki damar tsayar da rana guda a mako da za a riƙa kawo miki komai tare. Ranar da kike sa ran kaya kuma, ki tabbatar lambar gidanki tana fitowa sosai daga titi, ki kunna fitilar ƙofa idan duhu ya yi, ki share ƙanƙara daga matakala a lokacin hunturu, sannan idan manhajar ta nemi ki auna aikin direban, ki ba shi kyakkyawar shaidar da ya cancanta, domin a kamfanoni da yawa ana duba wannan shaida wajen tantance aikinsa.