Ga 'yar'uwar da ɗanta ya yini da zazzaɓi a makaranta ba a kira ta ba

Assalamu alaikum. 'Yar'uwa sannu da jinya, ya jikin yaron? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ne.

Na karanta tambayarki har sau biyu. Kin ce ɗanki ɗan shekara shida yana makarantar da ta haɗa boko da Islamiyya, sai biyar na yamma ake tashi. Zazzaɓi ya rufe shi tun lokacin tara, aka ba shi Panadol aka kwantar da shi a bayan aji, ba wanda ya neme ki, sai da mai adaidaita ya sauke shi a ƙofar gida kika taɓa jikinsa kika ji kamar garwashi. Kina tambaya ko haka ake yi a ko'ina, kuma ki cire shi ne ko ki je ki yi magana.

Ba haka ya kamata a yi ba, amma in gaya miki gaskiya haka ake yi a wurare da yawa. Shekarata goma sha biyu ina koyarwa a wata firamare mai zaman kanta a nan Kano, bakwai daga ciki mabuɗin akwatin magani a hannuna yake, da yamma kuma ina da aji a Islamiyyar unguwarmu. Ni ba nas ba ce, kada a ɗauki maganata a matsayin ta likita. Abin da idona ya gani zan faɗa, har da inda mu malamai muka yi kuskure.

Abin da ya fi ƙona min rai a labarinki shirun da aka yi ne. Babu mai tsammanin makaranta ta warkar da yaro, ai ba asibiti ba ce. Aikinta ta lura, ta kira iyaye, ta damƙa shi a hannun wanda aka sani. Kuma na san yadda irin wannan shirun yake faruwa, don na sha gani. Malamar safe ta ga yaro ya kifa kai a tebur, ta ba shi magani, gumi ya karyo masa, ta ce a ranta ya warware. Ana tashi daga boko ta ɗauki jakarta ta tafi, ita ma nata yaran na jiran ta. Malamin Islamiyya ya shigo bayan Azahar ya tarar da yaro a kwance, 'yan aji suka ce "Malam ba shi da lafiya", shi kuma ya ɗauka ai tun safe an sanar da gida, suna hanya. Mai adaidaita ya zo ya loda yara tara ko goma, hankalinsa na kan cunkoson hanya. Mutum uku sun ga yaron, kowa ya ɗauka wani ya kira. A makarantun da suke haɗa safe da yamma, wannan canjin hannu na tsakar rana shi ne inda yaro mara lafiya yake faɗawa rami.

Mu ma sai da muka ji jiki muka gyara. Wata damina, wata yarinya 'yar aji uku ta ce ƙafarta na ciwo. Malamarta ta ɗauka ƙyuya ce don ranar akwai gwajin lissafi. Kafin sha biyu yarinyar na birgima a tabarma tana kuka, jiki zafi rau, idanu sun yi ɗorawa. Na ɗauko fayil ɗinta, lamba ɗaya ce tal a ciki, ta mahaifinta, na kira a kashe. Ashe ya daɗe da yar da layin. Adireshin da aka rubuta kuwa "bayan masallacin Juma'a" ne kawai. Sai da muka ɗora wani yaro maƙwabcinsu a babur ɗin maigadi ya nuna gidan. Da mahaifiyar ta zo a guje, kalmar farko da ta fito daga bakinta ita ce "sikila gare ta". Shekara uku yarinyar tana hannunmu ba wanda ya sani, sun ɓoye don kada a riƙa nuna ta. Allah Ya taimaka aka kwantar da ita a asibiti ta tashi. Amma har yau in na tuna awa biyun da ta yi ana ce mata ta daina raki, kunya nake ji. Zazzaɓi a jikin mai sikila ba abin da ake jira a tashi daga makaranta ba ne, kuma ƙasar nan ta fi kowace ƙasa a duniya yawan masu ciwon, to kowace malama ta sa a ranta wataƙila akwai ɗaya a ajinta.

Bayan wannan ne muka zauna da shugabar makaranta muka sauya tsari. Kowane yaro lamba uku: ta uwa, ta uba, da ta wani makusanci da zai iya zuwa da rana, kaka ko gwaggo ko maƙwabciya. Farkon kowane zango, ranar da aka zo biyan kuɗin makaranta, a gabanki za a kira lambar a ji ta shiga. Muka sayi ma'aunin zafin jiki, don taɓa goshi da bayan hannu yana yaudara, musamman a watan Afrilu da kowa jikinsa zafi ne. Zafin ya kai digiri 38, kira ake yi nan take. Muka buɗe littafi na musamman, a rubuta sunan yaro, ƙarfe nawa aka lura, me aka gani, me aka ba shi, wa aka kira, wa ya ɗauka, wa ya zo ya tafi da shi. Malamar safe ba ta fita sai malamin yamma ya sa hannu a littafin. Duk abin nan bai ci kuɗin a zo a gani ba, littafi ne da biro da katin waya. Kuma ba sabon abu muka ƙirƙiro ba. Tun 2006 Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ta fitar da tsarin kula da lafiya a makarantu, wanda ya yi maganar duba lafiyar yaro lokacin ɗaukarsa, da ajiye bayanan lafiyarsa, da taimakon gaggawa, da tura shi asibiti in abin ya fi ƙarfin makaranta. Takardar tana nan, aiki da ita ne ya yi ƙaranci.

Saƙon WhatsApp kuma ni ban ɗauke shi sanarwa ba. Uwa na tsakiyar girki, ko tana wurin aiki, ko data ta ƙare, sai da daddare ta gani. Wanda ya fi muni shi ne a rubuta a zauren iyaye cewa "maman wane a zo a ɗauki wane yana amai", an tallata yaron kuma ba a tabbatar ta gani ba. A kira, a ji murya.

Maganar Panadol ɗin da aka ba shi, nan ma akwai gyara. Panadol farasitamol ne, kuma ba a ba yaro shi da ka. Da nauyinsa ake aunawa, wajen miligiram 10 zuwa 15 a kowane kilo, a bar tazarar awa huɗu zuwa shida, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. To in ke kin ba shi da bakwai na safe ba ki faɗa ba, malama ta ƙara masa da tara, kin ga an ninka, hanta ce kuma take ɗaukar nauyin. Shi ya sa muka ce ba a ba yaro ko ƙwaya ɗaya sai an ji daga bakin iyayensa. Kafin su zo a cire masa rigar sama, a kai shi inuwa, a shafa masa ruwa mai ɗumi-ɗumi, a ba shi ruwa ya sha. Asfirin ba a ba yara, kuma da yawa daga ƙullin garin maganin ciwon kai da ake sayarwa a tebur akwai shi a ciki. Maganin maleriya ma ba aikin malama ba ne, sai an yi gwaji, gwajin da ake huda yatsa minti goma sha biyar zuwa ashirin ya fito. Illar Panadol a irin halin ɗanki ita ce yana kwantar da zafin na 'yan awoyi, hankalin kowa ya kwanta, ciwon kuwa yana nan yana aikinsa.

Akwai kuma abubuwan da ba a jiran iyaye ma, asibiti ake nufa ana kiran su a hanya. Yaro ya fara jijjiga, ko numfashi na sarƙe masa, ko ya suma, ko amai da gudawa ba ƙaƙƙautawa, ko wuya ya sandare ga ciwon kai da zazzaɓi, musamman lokacin zafi da sanƙarau ke yawo. Waɗanda suka ga abin da ya faru a Zamfara da Sakkwato a 2017 sun san ba ya ba da lokaci. Mashaƙo ma da ya addabi Kano daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 ya koya mana cewa ciwon maƙogwaro da kumburin wuya ba abin da za a ce yaro ya kurkure da ruwan gishiri ya koma aji ba ne. A lokacin ne ma muka fara neman katin rigakafi wurin ɗaukar sababbin ɗalibai, wasu iyayen har fushi suka yi.

Jijjiga na fi so in ja hankali a kai, don a Islamiyya na fi ganin ruɗewa. Yaro na faɗuwa sai ka ga an yi kansa, wannan na neman cokali ya cusa masa a baki, wannan na matsa masa albasa a ido, wannan na sheƙa masa ruwa, wani ya ce aljanu ne a kira mai ruƙiyya. Cokalin nan haƙori yake karyawa, ruwan kuma shaƙe shi zai yi. A kwantar da shi a gefensa, a janye benci da duk abin da zai buge shi, kada a sa komai a bakinsa, a duba agogo. In ta kai minti biyar ba ta tsaya ba, asibiti. In ta tsaya ma sai likita ya gan shi a ranar. Addu'a a yi ta, ba wanda ya hana, amma ana yi wani na kiran gida wani na tsayar da adaidaita. Yawancin Islamiyyoyin unguwa ba su da rajistar lambobin iyaye kwata-kwata, an dogara da cewa kowa ya san gidan kowa. Da haka ne, yanzu kuwa unguwanni sun cika da baƙi 'yan haya. Ni da kaina na bi ɗalibaina ɗaya bayan ɗaya na rubuta lambobin a bangon rajista.

To amma 'yar'uwa, in ɓera da sata daddawa ma da wari. Mu iyaye muna da namu. Yaro ya kwana da zazzaɓi, da safe a ɗura masa magani a sa masa yunifom, wai ana jarrabawa, ko an biya kuɗin mota, ko ba mai zama da shi a gida. Sha ɗaya na yi maganin ya sake shi, malama ce da wahala. Na taɓa kiran wani uba sau bakwai bai ɗauka ba don bai san lambar ba, da yamma ya zo yana faɗa. Wasu malaman kuma tsoro ne yake hana su kira, don akwai iyayen da in ka ce ɗansu ba lafiya sai su ce a makarantar aka sa masa, mai makaranta kuma ya hau malamar da faɗa kada a rasa ɗalibi. Ban ce wannan uzuri ne ba. Malamar da ke riƙe da yara arba'in da ɗan albashin da kowa ya sani, in ba a ba ta katin waya da izinin kira ba, shiru za ta yi.

Game da cire shi, ni ba zan ce ki yi gaggawa ba, don inda za ki kai shi ma ba ki san nasu halin ba. Ki bari ranki ya huce, ki je ke da babansa in zai samu dama, ku nemi shugaban makarantar a ofis. Kada ki tsaya yi da malamar a bakin aji gaban yara. Ki tambaye shi ƙarfe nawa aka lura da yaron, wa ya ba shi magani kuma guda nawa, wace lamba ce a fayil ɗinsa, wa ke da alhakin kira, kuma yaya malaman safe suke miƙa wa na yamma. Amsar da zai ba ki ita za ta nuna miki. In ya karɓi laifi ya nuna miki abin da za su gyara, ki bar ɗanki, ki kuma tayar da maganar a taron iyaye da malamai don ta zama doka ga kowa. In kuwa ya ce "ai yara kullum suna zazzaɓi" ya ɗauke kai, to ki fara neman wata makarantar kafin zango ya ƙare. Ki bar musu rubutacciyar takarda mai lambobi uku, da duk wani ciwo da yake da shi, asma ko sikila ko farfaɗiya ko maganin da jikinsa ba ya so. Mai adaidaitan ma ya riƙe lambarki, makaranta ta riƙe tasa.

Kada kuma ki mayar da shi gobe don kin ga ya tashi yana wasa. Mu ƙa'idarmu sai yaro ya yi kwana ɗaya cur ba zazzaɓi ba tare da an ba shi maganin saukar da zafi ba. Amai da gudawa kwana biyu bayan sun tsaya. Ƙarambau sai ƙurajen sun bushe duka, ƙyanda aƙalla kwana huɗu bayan ta feso. In gwaji ya nuna maleriya ce, ba ya shafa wa kowa a aji, amma ya shanye maganin kwana ukun nan har ƙarshe, yawanci safe da dare ne, duk a gida za ki ba shi, ba sai kin sa masa ƙwayoyi a jaka ya tafi da su ba. Ba ki faɗa mana ko an yi masa gwajin ba. In ba a yi ba a yi yau, kada a tsaya a kan Panadol. A gaishe shi da jiki.