Amsa ga ɗana mai shirin buɗe gidan burodi a Maraɗi

Ɗana, saƙonka ya iso, kuma na ji daɗi da ka tambaya tun kafin ka ɗauro kaya daga Katsina. Kana so ka taho da yaranka ka buɗe gidan burodi, kana tambaya ko mu Katsinawa da Kanawa da muka zauna nan muna riƙon yaran gida kamar yadda ake yi can. Muna yi, amma da takarda a hannu.

Abin da ke ruɗin baƙo shi ne harshe ɗaya, addini ɗaya, har sarautar garin ma daga Katsina ta samo tushe. Sai mutum ya manta cewa da ya wuce Jibiya ya shigo Ɗan Isa, doka ta sauya. Dokar ƙwadago ta Nijar, wadda aka sabunta a 2012, ba ruwanta da cewa yaron garinku ɗaya ko kai ka ɗauko shi daga hannun mahaifinsa. Muddin yana aiki ƙarƙashin umarninka kana biyansa, ma'aikaci ne, ko da baki kawai kuka yi magana.

Mafi ƙarancin albashi a nan jika 42 ne, wato sefa 42,000, a wata tun Janairun 2024. Kafin nan 30,047 ne. A Najeriya dokar naira 70,000 ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa masu ƙananan sana'a can ba su damu da ita ba. Kada ka taho da wannan lissafin. Aikin mako awa 40 ne, abin da ya haura sai an biya shi daban, kuma kai da za ka riƙa tayar da yara tun kafin asuba, wannan ya shafe ka ƙwarai. Hutu kwana biyu da rabi ne a kowane wata, wato wata guda cur a shekara, alhali dokar can kwana shida na aiki ta yanka. Mace in ta haihu, mako 14 ne nata.

Inda nake so ka saurare ni da kyau shi ne CNSS, asusun da ke biyan fansho da kuɗin iyali da maganin wanda ya ji rauni a wurin aiki. Ana cire kashi 5.25 cikin ɗari daga albashin yaro, kai kuma ka zuba wajen ninki uku na hakan. Da yawa daga cikinmu suna zillewa, suna cewa ai ranar sallama za su ba yaro jari, wanda ya fi duk wani fansho. Ni ban yarda da su ba. Sallama al'ada ce mai kyau, da ita aka gina kasuwar garin nan, kuma manyan alhazai da dama daga yaron kanti suka fara. Amma alkawari ne na baki. Na ga ubangida ya rasu kafin ya cika shi, magada suka ce ba su san da zancen ba, yaron da ya ba gidan ƙuruciyarsa ya fita hannu rabbana. Ga shi sana'arka ta injin kwaɓa fulawa ce da wutar tanda. Ran da inji ya ci yatsun yaro, in yana da rajista, asusun ne zai ɗauki magani da diyya. In ba shi da ita, kai ne, kuma hukuma ba za ta ƙyale ka ba. Ka yi masa rajista, sannan ka sallame shi in lokaci ya yi. Ɗaya ba ya hana ɗaya.

In saɓani ya taso, a zaure muke farawa, dattawa su ji ta bakin kowa, kuma yawanci a nan ake kashe wutar. Sai dai ba ma hana yaro zuwa ofishin sufeton aiki, don haƙƙinsa ne. Sufeto ma sulhu yake fara nema, in ya faskara a wuce kotu. A can za a tambaye ka dalilin kora, da ko ka ba shi wa'adi, da shaidar biyan albashi. Saboda haka ka buɗe littafi, kowane ƙarshen wata yaro ya sa hannu.

Takardun kanti ba su da wuya. Ka yi rajistar kasuwanci ta RCCM, wadda ke ƙarƙashin OHADA, tsarin dokokin kasuwanci na bai ɗaya da Nijar ke ciki, ka karɓi lambar haraji ta NIF, ka adana duk rasit ɗin lampo, wato haraji. Takardar CAC ta rajistar kasuwanci a Najeriya da ke hannunka ba ta aiki a nan.

Su kuma yaran da za ka kawo, a idon doka baƙi ne, kwantiraginsu sai a rubuce, kuma sai hukumar samar da aikin yi ta ANPE ta buga masa hatimi. Tun da Nijar ta fita daga CEDEAO, wato ECOWAS, a Janairun 2025 muka daina sakaci da takardun zama. Shawarata ka taho da gwani ɗaya wanda ya san kwaɓi da gashi, sauran ka ɗauka a nan, akwai samari masu hannu da ke neman aiki. Ka fara zuwa kai kaɗai da fasfonka, mu zaga ofisoshin tare kafin ka kama haya. Ka gaida mahaifiyarka da mutanen gida.