Amsar Kawu kan jinyar Hajiya da aikin rubutu

Assalamu alaikum, ɗana. Ya mai jiki? Allah ya ƙara sauƙi, ya sa kaffara ne.

Ka tambaye ni ko abin kunya ne ka ɗauko mai jinya ta haya alhali kana raye, ko ya dace kai namiji ka riƙa yi wa mahaifiyarka Hajiya tsarki tunda ɓarin jikinta ya shanye, da kuma ko ka ajiye rubutu gaba ɗaya, ga shi kuwa da shi kake ci.

Abin da al'ada ta ɗora maka shi ne kada ta wulaƙanta kana gani. Ba ta ce komai sai da hannunka ba. A can gida jinya ba ta taɓa zama a kan mutum guda: ga 'ya'ya mata, ga ƙanne, ga maƙwabta. Kai kuwa ciki da falo ne a Agege, dangi na can nesa. Duk wanda ya ce ka yi yadda ake yi a gida, sai ya aiko maka da mutanen gidan. Nemi mace mai hankali ta hannun limamin masallacinku ko matan unguwa, ku yanke albashi da lokacin zuwa da na tashi, da ranar hutu ɗaya a mako. Matarka kuma, abin da ta yi kyautatawa ce, ka gode mata a kai. Ba bashi ba ne, kuma a nan ne zaman gidaje da yawa yake yin tsami.

Tsarki da wanka aikin mace ne muddin akwai ta. In babu, lalura ta zo, kada ka bar ta cikin fitsari kana jiran gari ya waye, fata yake ci. Sa safar hannu, lulluɓe ta da zane, kau da kai, ka gama ba surutu, don kunyar da take ji ta fi taka. Alwala kuwa kai ma kana iya yi mata, in ruwa zai wahalar da ita a ajiye dutsen taimama kusa da gado. Annabi (SAW) ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kwance a gefensa.

Za a kawo maka hadisin wanda ya nemi fita jihadi aka ce ya koma ya yi jihadinsa a kan iyayensa. Gaskiya ne. Amma kuɗin magani da na mai gashin ƙashi ma cikin jihadin suke, kuma daga bironka za su fito. Don haka ba ajiyewa za ka yi ba, jinyar ce za ta yanka maka lokaci.

Ga yadda take yankawa. Wanda ba ya iya juya kansa, duk awa biyu ake juya shi: dama, rigingine, hagu. Matashi tsakanin gwiwoyi, wani a ƙarƙashin sha-raɓa don diddige ya tashi daga katifa. Kada a taɓa jan ta ta hannun da ya shanye, kafaɗar tana gocewa. Kowane juyi a duba ƙugu, ƙashin gindi, diddige da allon kafaɗa. Wurin da ya yi ja ko ya yi duhu, aka ɗauke masa nauyi rabin awa bai koma daidai ba, farkon gyambon kwanciya ne. Kada a murza, a nuna wa nas. Gumin Legas yana gaggauta shi, musamman in leda ce kai tsaye ƙarƙashin jikinta, sai a shimfiɗa zanen auduga a kai.

Tsakanin juyi da juyi kana da kamar awa ɗaya da rabi. Wadda ta biyo bayan asuba ita ce ta sabon rubutu, ka kashe waya. Gyare-gyare da amsa saƙonni a bar wa layin asibiti. Duk aikin da kake yi a mako ɗaya a da, ka ce wa mai shi mako biyu, tun kafin ka karɓi kuɗi. Dare kuma a raba shi. Wanda bai yi barci ba shi ke maimaita magani ko ya tsallake. Riƙe littafi guda na awon hawan jini da lokacin kowace ƙwaya, shi likita zai fara nema.

Abinci a zaune, ta kuma ci gaba da zama rabin awa bayan ta gama. In tana tari ko muryarta na gargada bayan ta sha ruwa, gaya wa likita, domin abin da ya bi ta maƙogwaron iska ciwon huhu yake zama. Kunu mai kauri ya fi ruwa tsinkakke sauƙin haɗiya ga irinsu. A rage gishiri da dunƙule, kanwa kuwa a bar ta, tana tayar da jini.

'Yan dubiya ba a korarsu, amma ana sa musu lokaci: bayan la'asar zuwa magariba. Addu'a da tofi a karɓa hannu bibbiyu. Jiƙe-jiƙen da za su kawo a yi godiya a ajiye, kada kuma wani ya sa a tsayar da maganin asibiti. In bakinta ya sake karkacewa, ko magana ta sarƙe, ko ɗaya hannun ya saki, ba a jiran safiya: kira lambar gaggawa 112 ko 767, kuma daga wajenku asibitin koyarwa na LASUTH da ke Ikeja ya fi na LUTH da ke Idi-Araba kusa.

Saura wanda ba ka tambaya ba. Na san marubuci, komai ya gani abin rubutawa ne. Hotonta a kwance kada ya hau Facebook ko WhatsApp, ko da sunan neman addu'a. Abin da ka gani a ɗakin nan amana ne. In har za ka rubuta, nemi izininta tun tana iya ba ka amsa.

A gaishe ta, a gaishe da iyali.