Amsa: Rassa suna ganin hedikwata amma ba sa ganin juna

Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce kana da rautar MikroTik (na'urar da ke rarraba saƙonni tsakanin kwamfutoci) a hedikwata a Kano da rassa biyu, Katsina da Gusau, duk a kan WireGuard, manhajar da ke haɗa ofisoshi ta ɓoyayyiyar hanya a intanet, wato tanel. Kowane reshe yana isa ga sabar Kano, amma Katsina ba ta ganin Gusau. Tanel ɗinka lafiyarsa ƙalau, hanya ce ba ka nuna masa ba.

Kafin komai, duba adireshin cikin gida na kowane reshe. MikroTik daga kwali yake zuwa da 192.168.88.0/24, kuma na sha samun rassa uku duk a kan wannan lamba. In haka ne, kwamfutar Katsina tana ɗauka ta Gusau maƙwabciyarta ce a ofis ɗaya, ba za ta ma miƙa saƙon ga rauta ba. Raba su: Kano 10.10.0.0/24, Katsina 10.10.1.0/24, Gusau 10.10.2.0/24.

Sai allowed-address, jerin adireshin da ake rubuta wa kowane abokin haɗi a WireGuard, inda yawancinmu ke tuntuɓe. Aiki biyu yake yi: shi ke zaɓar wanda za a tura wa saƙo, shi ne kuma mai gadin da ke jefar da duk saƙon da ya shigo daga adireshin da ba a rubuta ba. A reshen Katsina misali, idan 10.10.0.0/24 kaɗai ka sa, saƙon Gusau zai ratsa Kano ya iso Katsina, a yar da shi a bakin ƙofa, ba tare da wani gargaɗi ba. Sa 10.10.0.0/16 a kowane reshe. A Kano kuwa akasin haka: kowane reshe da nasa /24 da adireshin tanel ɗinsa, kada biyu su yi tarayya a lamba ɗaya. Kuma RouterOS, manhajar da ke tafiyar da MikroTik, ba ya ƙirƙirar hanya daga allowed-address, sai ka shiga /ip route ka rubuta da hannunka, a ɓangarorin uku. Ka tabbata forward, sashen firewall mai kula da saƙon da ke ratsa rauta, a Kano ya yarda saƙo ya shiga ta tanel ya sake fita ta cikinsa.

Tunda rassan a kan layin 4G suke, galibi suna bayan CGNAT, inda kamfanin waya ke haɗa masu amfani da yawa a kan adireshi ɗaya har ba a iya kiransu daga waje, don haka su ne za su kira Kano. Sa persistent-keepalive 25 a wajensu, wato su riƙa tura ɗan saƙo duk daƙiƙa 25 don kada hanyar ta rufe.

Abin da nake so ka auna tun yanzu: duk fayil ɗin da zai tashi daga Katsina zuwa Gusau sau biyu zai ci layin Kano, shiga da fita. In kyamarorin tsaro ne ake kallo tsakanin rassa, za ka ji a jikinka. Ranar da wuta ta ɗauke a hedikwata, rassan ma sun rabu, shi ya sa nake sa inbata ta musamman a kan rautar hedikwata. Kamfanin Cisco na da tsarin DMVPN, wanda ke ba rassa damar haɗuwa kai tsaye, amma da rassa biyu a bayan CGNAT ban ga dalilin wannan kashe kuɗi ba.

In ka gyara, yi traceroute, gwajin da ke nuna hanyar da saƙo ya bi, zuwa Gusau daga kwamfutar Katsina, ba daga rautar ba, ka turo mana inda ya tsaya.